Takardar da Na Rubuta da Sunan Gwaggona

Assalamu alaikum, Malam Edita. Na daɗe ina sa a karanta mini labaran da mutane suke aiko muku na abin da ya same su a rayuwa, yau kuma na ga lokaci ya yi da zan sauke nawa. Da ajami na rubuto shi, domin shi ne rubutun da hannuna ya sani. Ku mayar da shi boko, amma ina roƙonku kada ku rage mini laifina ko da kalma ɗaya. Ba zan ambaci sunan kowa ba, waɗanda abin ya shafa duk sun rasu, Allah Ya yi musu rahama.

Abin ya faro ne shekarar da aka sake kuɗi, aka ce kowa ya fito da na da ya karɓi sabo, ana saura shekara guda Turawa su miƙa mulki. A lokacin shekarata ashirin da bakwai, ina zaune a Rano da mace ɗaya da 'ya'ya biyu. Na sauke Alƙur'ani, na ɗan taɓa littattafan fiƙihu, kuma Allah Ya ba ni kyawun hannu, har mutanen unguwa sukan zo in rubuta musu wasiƙa zuwa ga danginsu da ke Kurmi. Sana'ata kuwa malamin sikeli ne a wurin wani mai sayen gyaɗa: idan kaka ta yi, ni nake duba awo, in rubuta buhunan kowa, in biya shi. Saboda haka na saba ganin kuɗi suna wucewa ta hannuna, kuma na ɗauki kaina mutum mai lissafi. Wannan ɗaukar kai ita ce farkon abin da ya kayar da ni.

Ina da gwaggo a Kibiya, yayar mahaifina. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu, ni ne ɗanta a duniya. Ta fi shekara talatin tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, idan hannunta ya huta kuma ta ɗauki mazari ta yi kaɗi. Ba wanda ya san tana da ko sisi, sai da maganar sake kuɗi ta taso ta aiko in zo. Na tarar ta haƙo tukwane biyu daga ƙarƙashin gadonta, cike da sulalla, wasu har sun yi baƙi. Muka wuni muna ƙirga, ya tashi fam casa'in. Ta ce mini wannan kuɗin Makka ne. Ta tambayi waɗanda suka je ta jirgin sama, an ce mata idan ta sami fam ɗari da hamsin ya ishe ta har da guzuri, ita kuwa ta ba kanta shekara biyar, domin gwiwoyinta sun fara yi mata gardama.

Da na sako mata kuɗin na dawo da sababbi, sai ta shimfiɗa tabarma ta kasa su kashi uku daidai. Kashi na farko ta ce a sayi karsana uku a kai wa wani dattijon Bafulatani da ke da ruga wajen Unguwar Gai, wanda ya yi wa mijinta kiwo tun ina yaro. Al'adar kuwa ita ce nono nasa ne, 'yan maruƙa nata, kuma kowane wata matarsa takan kawo mata ɗan curin man shanu, alamar dabbobi suna nan lafiya. Kashi na biyu ta ce in sayi dawa da kaka in zuba a rumbun gidanmu na Rano, idan damina ta sauka hatsi ya yi daraja a sayar, idan kuma shekara ta ɓaci to ta sami abin sa wa a baki. Kashi na uku ta tura gabana, ta ce in juya shi a cinikin gyaɗa, riba kashi biyu nata, ɗaya nawa. Sannan ta faɗi maganar da har yau take kunnena. Ta ce kashi biyun farko a kansu take barci, na ukun kuwa ta riga ta yafe shi tun yanzu, idan ya dawo da riba alhamdu lillahi, idan ya nutse ba za ta tambaye ni ba.

Shekarar farko komai ya tafi daidai. Na bi ƙauyuka har Zinyau ina sayen gyaɗa kwano-kwano a hannun mata, in haɗa buhu in kai sikeli, fam talatin ɗin nan suka jawo goma sha biyar. Dawa ta kawo fam huɗu kacal. Shanu kuwa ɗaya ce ta haihu. Na zauna da alƙalamina na buga lissafi, na ga idan aka zuba kuɗin duka a ciniki, shekara biyu ta isa gwaggo ta hau jirgi, ni ma in sami abin da zan yi wa ɗakina rufin kwano. Na je na karanta mata lissafin tiryan-tiryan. Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi dariya ta ce ɗan nan, ita ba tsere take yi da kowa ba, shekara biyar ta ce, ba biyu ba. Ta ce saniya ba ta taɓa zuwa Kano ta ji an ce farashi ya faɗi ta fasa haihuwa ba. Na ce mata ai kuɗin da ke rumbu da ruga barci suke yi. Ta ce to in ƙyale su su yi barcinsu, ai ita ma tana so ta yi nata. Na fito ina ganin tsohuwa ce kawai da ba ta san zamani ba.

A kakar da ta biyo baya wasu abokan cinikina uku suka zo mini da magana. Sun sami babbar mota mai bodin katako a Kano, ta hannu, suna so mu haɗa jari mu huɗu mu saya, ta riƙa kwasar gyaɗa daga Rano da Kibiya zuwa birni, ta dawo da gishiri da kananzir. Kowa fam ɗari. Duk wanda ya ga abin da masu motoci suke karɓa a bakin sikeli a zamanin nan zai gane yadda kwaɗayi ya kama ni. Na ce wa kaina ai alheri zan yi wa gwaggo, idan riba ta zo in mayar da komai wurinsa, in kai mata ragowar, ta ga wanda ya fi gaskiya tsakanina da ita. Dawa ba ta ba ni wahala ba, rumbun a gidana yake, na buɗe na sayar. Na haɗa da kuɗin ciniki, ya rage mini abin da sai shanu za su cike.

Na hau kekena na tafi ruga. Dattijon nan, wanda nake kira Baffa, ya karɓe ni da fura da nono, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da na ce masa gwaggo ta ce a sayar da shanun, sai ya ce ɗan malam, mai dabba ita ta damƙa masa igiya da hannunta, shi kuwa ba ya sakin igiya sai da bakin wanda ya ba shi. Ya ce idan Allah Ya kai mu ranar kasuwar Kibiya zai biya ta wurinta ya ji. Na ce masa ba ta jin daɗin jiki, ba ta son a dame ta, amma zan kawo masa saƙonta a rubuce.

Malam Edita, ga abin da na yi. Na koma gida, na feƙe alƙalami, na dama tawada, na ɗauko farar takarda. Na buɗe da Bismillahi, na yi salati ga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, sannan na rubuta cewa daga wance 'yar wane zuwa ga amininta wane, bayan gaisuwa, tana umartarsa ya miƙa wa ɗanta shanunta duka, kuma ya yi sauri. Ban taɓa ƙawata rubutu kamar na ranar ba. Hannun da malamina ya yi shekaru yana gyarawa don in rubuta maganar Allah, shi na sa ya yi ƙarya, kuma na ɗora sunan Allah a samanta. Washegari na kai masa. Baffa bai iya karatu ba, amma ya san siffar Bismillahi. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya dube ta, ya ce in karanta masa. Na karanta, muryata ko rawa ba ta yi ba. Ya ce to, takardar da ta fara da wannan suna ba a yi mata gardama. Abin da ya ƙara kawai shi ne jar saniyar nan tana da ciki wata shida, da an haƙura ta sauka. Na ce saƙo ya ce a yi sauri. Shi da kansa ya kora su har kara, kasuwar shanu ta Rano, ya tsaya aka yi ciniki don kada dillalai su cuce ni.

Motar ta yi mana aiki wata huɗu, kuma gaskiya ta kawo kuɗi, sai dai duk abin da ta kawo taya da gyaran inji suka cinye. Muna cewa bari a gama gyara riba ta fara zama. Da ruwan farko ya sauka, direba ya ɗauko lodin da ya fi ƙarfinta, ya zo tsallake wani rafi da ƙasar bakinsa ta jiƙe, ƙafar baya ta zame, mota ta kwanta a cikin ruwa. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma kayan mutane suka jiƙe, inji ya sha ruwa ya fashe. Ba mu yi mata inshora ba, don a lokacin ko ma'anar kalmar ban sani ba. Muka biya masu kaya, muka sayar da gawar motar ga masu gyara. Abin da ya zo hannuna daga fam ɗari da 'yan kai shi ne fam goma sha ɗaya. Shekara talatin na matsar mai da kaɗin gwaggo suka dawo abin da zan iya rufewa a tafin hannu ɗaya.

Da a nan na tsaya na je na faɗi gaskiya, da laifina ɗaya ne. Amma watanni suka wuce matar Baffa ba ta kawo man shanu ba, gwaggo ta tambaye ni ko lafiya. Na ce zan bincika. Da na dawo sai na ce mata wai Baffa ya ce ciwo ya shiga garke, nata duka sun mutu. Na faɗe shi da wata irin murya, na ɗan kawar da kai, yadda duk mai hankali zai fahimci ban yarda da zancen ba. Ban ce ya ci amana ba, na bar ta ta faɗa da bakinta, kuma ta faɗa. Ta ce yaya ciwo zai tsallake shanun kowa ya zaɓi nata huɗu? Ta gaya wa maƙwabta, maƙwabta suka kai bakin rijiya, kafin sati biyu matan unguwar sun daina sayen nonon matarsa, mutum uku kuma suka je suka kwashe dabbobin da suka ba shi kiwo.

Wata ranar kasuwa ina zaune a rumfar maigidana sai ga Baffa da sandarsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai ɗaga murya ba. Ya ja ni gefe, ya zaro wata 'yar jakar fata daga wuyansa, ya nuna mini bakin takardar. Ya ce bai yar da ita ba domin akwai sunan Allah a ciki. Ya ce ya san idan ya kai ta gaban alƙali gidan yari zan tafi, tsohuwar nan kuma ba ta da wani ɗa sai ni, ga shi ya ci abinci da mahaifina a ƙwarya ɗaya. Saboda haka ya ba ni daga nan zuwa ƙaramar salla in je in gyara da bakina. Na rantse masa zan je. Azumi ya zo, ina jan mutanen unguwa sallar asham, suna cewa ƙira'ata tana sa su kuka, ni kuwa na san abin da ke ƙirjina. Sau uku ina hawa keke in nufi Kibiya, in kai bakin gari in juyo. Salla ta wuce, babbar salla ma ta wuce. Baffa bai fito da takardar ba. Sai kawai na ji labari ya tashi da iyalinsa da garkensa ya yi kudu, ya bar wurin da aka binne iyayensa.

Ranar da na ji wannan labari ban iya cin abinci ba. Da hantsi na isa gidan gwaggo, na tarar tana murza ƙuli-ƙuli, na durƙusa na faɗa mata komai, na ajiye fam goma sha ɗayan a gabanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ci gaba da murzawa har ta gama abin da ke cikin akushi. Sannan ta ce in karanta mata abin da na rubuta da sunanta. Na karanto shi da ka. Da na zo wurin da aka ce ya yi sauri, sai ta ce a duk rayuwarta yaushe na taɓa jin ta ce wa wani ya yi sauri? Ta ce kashi na uku ta yafe tun ranar farko, ba ta janye ba. Amma kashi biyun da take barci a kansu bashi ne a wuyana, kuma ba kuɗi take so ba, dawa take so a rumbu, shanu a ruga, kamar yadda na same su. Ta ce kafin wannan kuma, ranar Juma'a in miƙe a gaban liman da jama'ar Kibiya in wanke mutumin da na sa ta ɓata.

Na yi hakan. Na miƙe bayan an sallame na faɗi abin da na aikata. Daga ranar babu wanda ya sake kawo mini wasiƙa in rubuta masa, maigidana kuma ya ɗauke ni daga sikeli ya mayar da ni ɗinkin buhuna. Ban ga laifin kowa ba. Na jingina gonar da na gada, na riƙa noma a ta wasu, duk kaka in zuba dami a rumbun gwaggo, duk shekara biyu in sayi karsana. Ita kuma ta koma gaban kaskonta da gwiwoyin da ta so ta hutar. Sai da aka ƙara shekara takwas daga ranar kuɗin jirgi suka cika, domin kafin nan kujera ta ƙara tsada.

Ga abin da nake so masu karatu su ɗauka daga wurina, musamman waɗanda ake damƙa wa dukiyar tsofaffi da marayu don an ga sun iya lissafi. Idan mai dukiya ya raba ta, ya ce wannan a juya, wannan a ajiye, to ya san abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka idan asara ta zo, kai ba ka sani ba. Lissafina na takarda daidai ne, amma riba kaɗai na ƙirga, ban buɗe layi ko ɗaya na rubuta abin da zai faru idan mota ta kwanta a rafi ba. Gwaggo ba ta san alif ba, amma ta buɗe wannan layin tun ranar da ta shimfiɗa tabarma. Da na bar rabonta yadda ta yi shi, ko da cinikina ya nutse gaba ɗaya, da shanu da dawa sun kai ta kusa da abin da take nema a shekarun da ta ɗiba. Na so in rage mata shekara uku, na ƙara mata biyar. Kuma ku ji tsoron ƙarya ta biyu fiye da ta farko, domin ta farko kuɗi ta ci, ta biyu kuwa ta tashi bawan Allah daga garinsu.

Da kuɗi suka cika na ɗauka an gama, sai gwaggo ta ce ba za ta taka jirgi ba sai ta nemi gafarar Baffa, domin maniyyaci ba ya tafiya da haƙƙin wani a bakinsa. Na yi wata guda ina tambaya a kasuwannin shanu, har na same shi a wata ruga can wajen Tudun Wada, ya tsufa, idonsa ɗaya ya mutu. Na isar da saƙonta, ya ce ita ba ta yi masa komai ba, abin da aka gaya mata ta faɗa, Allah Ya kai ta lafiya, ta tuna da shi a Arfa. Na ce saura ni, na zo da kuɗin karsana biyu a madadin nonon da na hana shi da kiwon da aka ƙwace masa. Ya ce in mayar da kuɗina aljihu. Abin da yake bina, in ji shi, takarda ce. Yana da 'ya'ya maza da za su yi wa mutane kiwo bayan ransa, yana so in rubuta da wannan hannun nawa cewa ubansu bai taɓa cin amanar kowa ba, in faɗi wanda ya ci.

Na zauna a gindin wata ɗorawa na rubuta, na sa sunana da na mahaifina a ƙasa. Da na gama na gyara murya zan karanta masa, sai ya ɗaga hannu ya ce a'a, ɗan malam, wannan karon wani ne zai karanta. Ya aika aka kira limamin ƙauyen da ke kusa, ya karanta ta a gaban 'ya'yansa, ya sa aka maimaita. Sannan ya ciro tsohuwar takardar daga jakar wuyansa ya miƙo mini, ya ninke sabuwar ya sa a wurinta, ya ce tsakanina da shi babu sauran komai, a kawo wa baƙo fura. Gwaggo ta sauke farali a shekarar, ko da yake a kan kujera aka ɗauke ta ta yi ɗawafi. Tsohuwar takardar kuwa tana nan cikin gafakata har yau, ban iya ƙona ta ba, kuma ita na buɗe a gabana na rubuto muku wannan.

Wassalam.